Rabilu Musa Ibro: Ganduroban da Ya Zama Sarkin Barkwancin Finafinan Hausa

An haifi Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ibro ko Ɗan Ibro, ranar 12 ga Disamba 1971 a garin Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. A nan ya yi firamare, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Wudil gari ne na bakin kogi a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma kararsa ta ranar Juma'a tana cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa. Fulani da dillalai da 'yan kamasho da masu maganin gargajiya da maroƙa duk a nan suke haɗuwa. Wanda ya san wannan yanki ba zai sha wahalar gane inda mutanen cikin finafinan Ibro suka fito ba.

Bai daɗe da gama makaranta ba ya shiga aikin gidan yari a 1991, ya yi shekara takwas yana sanye da kakin ganduroba. Yana cikin aikin ne ya fara wasan kwaikwayo, kuma fim ɗin da ake ambata a matsayin farkon fitowarsa shi ne 'Yar Mai Ganye. Da kasuwar fim ta buɗe masa, sai ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi sana'ar ban dariya gaba ɗaya. A wancan lokaci wannan kasada ce, domin ba kowa ne zai bar albashi da fansho ya koma abin da jama'a ke kira wasa ba.

Ban dariya a ƙasar Hausa ta girmi kyamara nesa ba kusa ba. Akwai 'yan kama da ke tsayawa a kasuwa suna kwaikwayon karatun malamai alhali zancen tuwo da nama suke yi. Akwai 'yan gambara, akwai tashen watan azumi, akwai wasan gauta na gidajen sarauta, da kalankuwa ta samarin karkara bayan an kau da amfanin gona. Da rediyo da talabijin suka zo, sai aka sami su Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, da Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu na Bodara a Jos. Ibro ya gaji waɗannan duka, sai dai shi a zamanin kaset ɗin bidiyo ya fito, lokacin da ɗan wasa ya daina jiran gidan talabijin na gwamnati ya ba shi fili.

Wannan zamani ya soma ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990. Kafin shekara goma ta cika harka ta bunƙasa. A 1999 mujallar Fim ta fara fitowa, a shekarar ce kuma aka laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. Finafinai irin su Sangaya da Wasila suka kafa salon da ya mamaye kasuwa: soyayya, kishi, auren dole, gidaje masu kujerun alfarma, saurayi da budurwa suna rera waƙa a lambu irin na finafinan Indiya. Kusa da wannan kuma sai ga wani reshe da 'yan fim ke kira camama, wato finafinan barkwanci masu arha da ake ɗauka a ƙauye. Masu finafinan soyayya sun daɗe suna yi wa 'yan camama kallon ƙasa-ƙasa. Amma 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, waɗanda su ne ke sayen fim su buga su rarraba, sun san cewa kaset mai hoton Ibro ba ya kwantai.

Siffarsa a fim ba ta ɓuya. Doguwar jar hula, riga wadda ko dai ta yi masa yawa ko ta ɗame shi, ido a zazzare, baki a karkace, da murya mai tashi sama idan an taɓa shi. Mutumin da yake fitowa a matsayinsa kusan ɗaya ne ko da sana'a ta canza: talaka mai cika baki, mai son banza, wanda ya san komai a bakinsa amma bai iya komai ba a aikace. Zai shiga gari ya ce shi boka ne, ko direba, ko ɗan sanda, ko malami, ya karɓi kuɗin mutane, ya yi ta zuba ƙarya har asiri ya tonu. Daga nan sai rantse-rantse, sai neman sasanci, in abin ya ƙi kuma sai a ga ƙura, ya cika wandonsa da iska jama'a na biye da shi da sanduna. Gizo ne na tatsuniya aka sa wa hula. Kamar yadda Gizo ke da Ƙoƙi, haka Ibro ke da Tsigai a finafinansa na farko, matar da ba ta barin ko-ta-kwana, yana faɗa tana faɗa.

Abin da ya raba shi da sauran shi ne saurin baki. Yawancin finafinan camama ba su da cikakken rubutaccen labari. Darakta zai faɗi abin da ake so ya faru a fitowa, sauran kuma ya rage ga 'yan wasa. A irin wannan fage wanda ya fi kaifin harshe shi ke cin kasuwa, kuma Ibro yana iya mayar da gaisuwa kawai ta zama rigima, ko cinikin kaza ya zama shari'a. Yana da abokan tafiya da suka san takunsa, irin su Kulu da Yautai da Katakore, daga baya kuma su Ciroki, Bosho, Daushe, Baba Ari da Naburaska. Akwai kuma masu kwaikwayon wasu ƙabilu, kamar Ɗan Gwari da Baban Chinedu, shi ma da kansa ya yi Ibro Ɗan Fulani. Wannan salo ya samo tushe ne daga wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, inda ake tsokanar juna ba tare da an ƙullaci kowa ba, ko da yake ba kowane mai kallo ne ya ɗauke shi haka ba.

Sunansa ya zama jari. Sai a ɗauki duk abin da ake yayi a gari a liƙa masa Ibro a gaba, fim ya samu. Da kiɗan mawaƙin Kwango Awilo Longomba ya cika gidajen biki, aka yi Ibro Awilo. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, lokacin da hotunan Usama bin Laden suka cika bayan motocin haya a Kano, sai ga Ibro Usama a 2002, sannan Ibro Saddam a 2003, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi. Ibro Usama ya jawo masa fushin wasu malamai da 'yan Hisba, waɗanda suka ɗauki fim ɗin a matsayin izgili. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Bajamushe Matthias Krings sun yi nazarin wannan rigima, domin ta nuna yadda ɗan wasan ƙauye ke iya ɗauko babban lamarin duniya ya shigar da shi zauren mai unguwa.

Waƙa ma ta taimaka wa sunansa. Da yawa daga waƙoƙin da ake ganin yana rerawa a fim muryar Sadi Sidi Sharifai ce, wanda ya ƙware wajen kwaikwayon muryar Ibro har mai sauraro ba ya bambancewa. Waƙoƙin kan ɗauki karin da aka sani su juya shi zuwa zancen bashi, ko abinci, ko tsadar rayuwa, irin yadda 'yan kama ke yi tun da.

Finafinansa ba su tsaya a Nijeriya ba. Kaset, daga baya kuma faifan CD, ya bi sawun fatake zuwa Maraɗi da Damagaram da Yamai, zuwa arewacin Kamaru, zuwa zangunan Kumasi da Ankara, har Sudan da Saudiyya inda Hausawa suka daɗe da zama. Togo ma tana kan wannan hanya. Unguwar Didaure da ke Sokode, babban garin Kotokoli a tsakiyar ƙasar, asalinta zangon fatake ne a kan tsohuwar hanyar goro da ta haɗa ƙasar Hausa da Salaga ta ƙasar Gwanja, kuma har yau ana jin Hausa a kasuwanni da masallatan yankin. Haka abin yake a Dapaong, can arewa kusa da iyakar Burkina Faso, inda 'yan kasuwa Hausawa ke zaune cikin Moba da Gurmawa. A irin waɗannan wurare, inda harshen hukuma Faransanci ne kuma mutane da yawa Hausar ciniki kawai suke ji, barkwanci irin na Ibro ya fi fim ɗin soyayya sauƙin shiga. Doguwar hirar masoya tana bukatar kunnen da ya ƙoshi da Hausa, amma mutumin da aka kama da akuyar sata yana rantsuwa cewa ita ce ta biyo shi, kowa ya gane shi.

A gida kuwa, dangantakar 'yan fim da hukuma ba ta taɓa yin daɗi ba. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnati ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Abin ya tsananta a 2007, sa'ad da wani bidiyon sirri na wata 'yar wasa ya bazu a wayoyin jama'a. Gwamna Ibrahim Shekarau ya naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hisba, shugaban hukumar. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka ƙaƙaba sababbin sharuɗɗan rajista, kotun tafi-da-gidanka kuma ta shiga aiki. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan kundin waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, an kuma ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008.

Tsakanin waɗannan biyu ne abin ya faɗo kan Ibro. A watan Oktoba 2008 kotun ta yanke masa ɗaurin wata biyu tare da abokin aikinsa Lawal Ƙaura, bisa tuhumar gudanar da kamfani ba rajista da kuma rawar da aka ce ta saɓa wa tarbiyya a fim ɗin Ibro Aloko, wanda ya riga ya daɗe a kasuwa. A bakin mutanen gari kuwa wani dalili ne daban ke yawo: waƙar Mamar da ke cikin fim ɗin, wadda 'yan adawa suka mayar abin zolayar gwamna saboda irin yadi mai ratsi-ratsi da yake yawan sawa. Ko ma mene ne dalilin, mutumin da ya shekara takwas yana riƙe da mabuɗin kurkuku sai ga shi an kulle shi a ciki. Martaninsa na ɗan wasa ne. A Kotun Ibro ya fito a matsayin alƙali mai karɓar na goro, yana yanke wa 'yan fim hukunci yadda ya ga dama, kuma babu mai kallon da bai gane inda aka dosa ba.

Wannan lokaci ya watsa 'yan fim da yawa zuwa Kaduna da Jos, har zuwa 2011 da mulki ya canza hannu a Kano aka sami sassauci. A shekarunsa na ƙarshe Ibro ya fito a finafinai da suka fi na da tsari da kashe kuɗi, irin su Andamali da Ɗan Auta da Oga Abuja, kuma manyan daraktoci suna gayyatarsa ya yi 'yan fitowa a finafinan da ba na barkwanci ba, don sun san fuskarsa a jikin fasta tana ƙara ciniki.

Ba duk aikinsa ne ya yi armashi ba. Yawan fitowa ya sa maimaici ya yi yawa, wasu finafinan an yi su ne cikin gaggawa don a cika kasuwa, sauti ba daɗi, labari ba kai ba gindi, sai dai a jira inda Ibro zai shigo. Akwai kuma masu ganin cewa yadda ake nuna baƙauye a matsayin wawa, ko yadda ake wasa da naƙasa da karin harshen wasu ƙabilu, ya wuce gona da iri. Sukar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai a mafi yawan labaran, wanda ake yi wa dariya a ƙarshe shi ne mai iko: ɗan sandan da ke karɓar cin hanci, malamin tsibbun da ke damfarar mata, ɗan siyasar da ke rabon alkawari, mai unguwar da ke cin gonar marayu. Tsarin kasuwar ma bai yi wa irinsa adalci ba. Ana biyan ɗan wasa sau ɗaya ne a wurin ɗaukar fim, ribar kwafi kuma ta tafi ga 'yan kasuwa da masu satar fasaha.

Ya yi fama da ciwon ƙoda a ƙarshen rayuwarsa. Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba 10 ga Disamba 2014, saura kwana biyu ya cika shekara 43. Rasuwar ta zo ne Kano tana cikin makoki, domin ranar 28 ga Nuwamba aka kai harin bam a babban masallacin Juma'a na birni. Duk da haka jama'a masu ɗimbin yawa sun halarci jana'izarsa, kafofin labarai irin su sashen Hausa na BBC kuma suka kai labarin ga masu sauraro a faɗin Afirka ta Yamma.

Ya rasu ne daidai lokacin da kasuwar da ta yi shi take rushewa. Cinikin faifan CD ya faɗi saboda satar fasaha da masu tura fim a waya. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, finafinai masu dogon zango suka karɓe fage, daga baya kuma harka ta koma YouTube. Abokan aikinsa irin su Bosho da Daushe sun ci gaba da sana'ar a wannan sabon yanayi, matasa masu gajerun barkwanci kuma suka cika Facebook da TikTok. Tsofaffin finafinan Ibro su ma sun bi wannan hanya: an yayyanka su gutsure-gutsure na minti biyu ko uku, ana turawa a WhatsApp daga Kano har Sokode, kuma da yawa daga masu kallonsu yanzu yara ne da ba su yi wayo ba lokacin da ya rasu.