Faifan da Bai San Sunan Waƙarsa Ba

Duk wanda ya saba hawa motar haya a hanyar da ta tashi daga Damagaram ta ratsa Tanut zuwa Agadas ya san wannan: direba ya sa faifan CD, kiɗa ya tashi, amma fuskar rediyon ba ta nuna komai sai lamba. Mai son sanin mawaƙin sai ya tambayi na kusa da shi. Da yawa kan ɗora laifin a kan masu kwafin kasuwa, alhali matsalar ta girme su. Tun ran gini tun ran zane.

Kamfanonin Sony na Japan da Philips na Holan ne suka tsara ƙa'idojin faifan a 1980, ya shiga kasuwa a Japan a 1982. A farkon kowane faifai akwai ɗan jadawali mai gaya wa na'ura yawan waƙoƙin, waɗanda ba sa wuce 99, da inda kowacce ta fara. Ba a tanadi gurbin suna ba. Maƙeran sun dogara da takardar da ke cikin kwanson faifan, suna ganin faifai ba zai rabu da ita ba.

Sai a 1996 aka fito da tsarin CD-Text, wanda ke rubuta sunan kundi da na mawaƙi da na kowace waƙa a wani ɗan fili a farkon faifan, cikin harsuna har 8. Gyaran ya zo a makare. Na'urori da yawa ba sa karanta shi, kamfanonin kiɗa da dama ba su damu da shi ba, mai kwafi kuma in bai umarci kwamfuta ta ɗauko rubutun ba, yakan tsira da sautin kawai. Ga kuma wani cikas da ya shafe mu kai tsaye: haruffan da aka tanada na Yammacin Turai ne da na Japan. Ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba su samu shiga ba.

A Amurka kuwa, Ti Kan da Steve Scherf sun ɓullo ta wata hanya. Sun lura cewa da wuya faifai biyu su dace a yawan waƙoƙi da tsawon kowacce, sai suka mai da wannan lissafi shaidar gane faifai, suka kafa rumbun CDDB a intanet. Masu sauraro ne suka riƙa shigar da sunaye kyauta. A 1998 aka sayar da rumbun, a 2000 ya koma Gracenote, a 2008 Sony ya saye shi kan dala miliyan 260. Waɗanda suka ji an yi kasuwanci da guminsu suka koma ga rumbunan kowa da kowa, freedb da MusicBrainz. Abin lura shi ne, sunan da kwamfuta ke nunawa ta wannan hanya daga intanet yake zuwa. Da an kai faifan rediyon mota, sai ya koma lamba.

Wannan dabara ba ta yi wa yankin Damargu, inda Tanut take, rana ba. Faifan da ke isowa kasuwannin Tanut da Belbeji, galibi daga Kano ta Damagaram, sau da yawa haɗin gambiza ne: waƙar fim, kiɗan gargajiya da begen Manzo, kowane mai shago da irin zaɓinsa. Rumbun da ke gane faifai da tsawon waƙoƙi ba zai san irin wannan ba. Abin da ya rage shi ne rubutun alƙalami a bayan faifai, kamar yadda ake yi wa kaset a da, sai kuma ƙwaƙwalwar mutane.

Ƙwaƙwalwar kuwa ta yi aiki. Waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, akasari da sunan wanda aka yi wa ake kiransu, kuma amshi ɗaya ya ishi dattijo ya gane. Sai dai Damargu mahaɗa ce ta Hausawa da Abzinawa da Fulani da Dagirawa. Waƙa takan tsallake harshe cikin sauƙi, sunan mai ita ya faɗi a hanya.

Zuwan MP3 da katin memori ya ƙara fito da abin fili. Tun 1996 Eric Kemp ya ƙirƙiro alamar ID3 mai ɗaukar suna a jikin waƙar, amma in mai turi bai cike ta ba, haka za ta yi ta yawo daga waya zuwa waya. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jihar Tawa, ya naɗi waƙoƙinsa a Sakkwato a 2008, suka bazu a wayoyin Sahara. Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya a Kidal ta Mali, kuma sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai ita, ta fito a kundin Music from Saharan Cellphones a 2011. Shi an neme shi an samu. Makaɗan gurmi da na goge na ƙauyukan Tarka da Gangara, wa zai yi cigiyarsu?

Suna shi ne igiyar da ke ɗaure waƙa da haƙƙin mai ita. Hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, BNDA, ba ta da yadda za ta biya wanda ba a san shi ba, ɗalibin tarihi ma ba zai iya kafa hujja da lamba ba. Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Gidajen rediyon al'umma da masu shagunan turi su zauna da dattawan da suka san waƙoƙin nan tun suna raye, a rubuta abu huɗu a jikin kowace waƙa: sunanta, mai ita, garinsa, da lokacin da aka naɗe ta.