Malamin EPS da wayar salula: mene ne ilimin na'ura a filin motsa jiki?

Duk wanda ya yi koleji a Nijar ya san malamin EPS, wato malamin motsa jiki: usur a wuya, agogon auna gudu a hannu. Irin waɗannan malamai ana horar da su a INJS ta Yamai, makarantar matasa da wasanni. In ana zancen ilimin na'ura, daga masu koyarwa a can ya kamata a fara, don abin da suka iya shi ɗalibansu za su kai Tasawa, Magarya ko Madawa.

Babban abin koyo shi ne aiki da bidiyo. Yaro mai tsalle ba ya ganin ƙafarsa. Malami ya ce masa "ka ɗaga gwiwa" sau goma, shi kuwa yana ganin ya ɗaga. In an ɗauke shi da waya aka nuna masa a hankali, gardama ta ƙare. Bidiyon waya yakan ɗauki hoto 30 a daƙiƙa, wasu wayoyin kuma 120 ko 240, abin da ke sa a ga inda ido ya kasa. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta, Kinovea, da ke tsayar da hoto, a auna lanƙwasar gwiwa ko tsawon taki. Ba ta buƙatar intanet in an riga an sauke ta.

Sai lissafin maki. Malami mai ɗalibai ɗaruruwa, in ya iya Excel, lokutan gudu da tsalle na gwajin BEPC ba sa cinye masa dare.

Wasannin kansu ma sun canza. A tekwando, inda Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya samo wa ƙasa lambar azurfa a Rio a 2016, rigar kariya mai na'ura ce ke ƙirga bugu, kuma koci na iya neman a sake duba bidiyo. Mai horarwa da bai san wannan ba, ɗan wasansa zai sha mamaki a waje.

Matsalolin kun san su: wuta, kuɗin intanet, waya mai kyau. Akwai kuma wadda ba ta kuɗi ba. Hoton yara amana ne, balle na ƴan mata cikin kayan wasa. Bidiyo ɗaya ya ɓulla a WhatsApp, uba zai iya hana ƴarsa filin, wani lokacin har makarantar. Don haka malami ya nemi izinin darakta da iyaye, ya nuna wa yaron nan take, ya goge kafin ya bar fili.