Hof

hof (suna, namiji, ba shi da jam'i)

1. Tsiro mai yaɗo da ake nomawa a ƙasashe masu sanyi, musamman yankin Hallertau na Jamus da kwarin Yakima a Amurka. Furen macensa ake sa wa giyar sha'ir don ɗaci da ƙamshi. Dokar giya ta Bavariya ta 1516 ta ambace shi tare da ruwa da sha'ir.

2. tataccen hof: ƙaro mai kauri kamar zuma, wanda ake tatsowa daga furen da iskar kabon a ƙarƙashin matsi. Masu dafa giya a gida a Turai da Amurka kan saye shi cikin sirinji, su zuba a farkon tafasa. Sai ya yi kusan awa guda yana tafasa kafin sinadarin alfa da ke cikinsa ya juye ya ba da ɗaci. Ya fi furen tsabta, domin ba ya shanye ruwan tukunya, amma ƙamshinsa kaɗan ne bayan doguwar tafasa.

*Misali:* Ya cika hof, giyar ta yi ɗaci.

Burkutu ba ta da hof. Tsami ne ɗanɗanonta. Masu bincike a Najeriya sun gwada shuwaka da namijin goro a madadin hof.