Rumbun bayanai a sararin samaniya: me tarihi ya ce? 🧵

1/ Ana ta maganar cewa za a kwashe rumbunan bayanai, wato manyan gidajen kwamfutocin da ke riƙe da hotunanmu da ƙirƙirarriyar basira, a kai su sama kan tauraron ɗan'adam. Wasu na cewa almara ce, wasu na cewa gobe-gobe ne. Ni dai na koma tarihi. Ku biyo ni.

2/ Dalilin masu son hakan a fili yake. Rumbun bayanai na cin wuta da ruwan sanyaya injuna da fili. A can sama kuwa akwai hanyar zagayen duniya da rana kusan ba ta faɗuwa, babu hadari, babu ƙura. Sola kenan dare da rana.

3/ A 1945 Arthur C. Clarke, ɗan Ingila, ya rubuta cewa tauraro uku a nisan kusan kilomita 36,000 za su isar da saƙon rediyo kusan ko'ina a duniya. Amma ya ɗauka sai an ajiye mutane a ciki, domin na'urorin lokacin na amfani da kwalaben lantarki masu yawan ƙonewa.

4/ A 1947 aka ƙirƙiro taransisto, mai daɗewa bai lalace ba. Shi ya buɗe hanya, har Syncom 3 ya haska gasar Olamfik ta Tokyo zuwa Amurka a 1964. Mafarkin ya tabbata ne bayan an rage matsalar gyara.

5/ Ga wanda bai tabbata ba: a 1968 Peter Glaser ya kawo shawarar tara hasken rana a sama a turo wutar ƙasa. Amurka ta yi nazari a shekarun 1970, kimiyyar ta tsaya daram, kuɗin harbawa ya hana. Yau sama da shekara 50, babu garin da ke shan wutar.

6/ Sai Iridium, wanda Motorola ta assasa. Tauraro 66, kusan dala biliyan 5. An fara aiki a Nuwamban 1998, a Agustan 1999 kamfanin ya durƙushe. Wayar na aiki fa! Sai dai kafin su gama, turakun salula sun cika birane da araha. Daga baya aka sayar da shi kan kusan dala miliyan 25.

7/ Yanzu mu zo kan zafi. Mutane na cewa ai sama akwai sanyi. Ku tuna filas ɗin shayi: rashin iska tsakanin bangonsa ne ke riƙe zafin. Haka sararin samaniya yake. Babu iskar da fanka zai kaɗa, babu ruwan da za a zuba. Sai dai faffaɗan lagireto da ke fitar da zafin a hankali.

8/ Babban tsarin sanyaya Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa na fitar da kusan kilowat 70. Babban rumbun bayanai na iya cin megawat 100, kuma kusan duka zafi yake komawa. Ninki sama da 1,400 kenan. Ku yi tunanin girman lagireton.

9/ Gyara fa? Mu 'yan Najeriya mun ɗanɗana. An harba NigComSat-1 a 2007, a 2008 solarsa ta samu matsala ya mutu. Ba wanda zai hau ya duba. Sai a 2011 aka harba madadinsa. Su kuwa kwakwalen kwamfuta, ko ba su lalace ba, cikin 'yan shekaru sun zama tsohon yayi.

10/ Microsoft ta gwada rumbun da ba mai taɓawa: a 2018 ta nutsar da kwamfutoci 864 a teku kusa da Orkney ta Sikotilan, ta ciro su a 2020. Sun fi na kan tudu lafiya nesa ba kusa ba. Duk da haka ba ta mayar da shi kasuwanci ba. Teku ma kenan, inda sanyaya kyauta ce.

11/ To me ya canza? Kuɗin harbawa. A zamanin kumbon Shuttle, kilo ɗaya ya haura dala 50,000. Falcon 9 na SpaceX ya sauko da shi ƙasa da 3,000. A Nuwamban 2025 Starcloud ta harba tauraro ɗauke da Nvidia H100, Google kuma ta sanar da shirinta na Suncatcher.

12/ Amma Google da kanta ta lissafa cewa sai kilo ya sauko kusan dala 200 kafin abin ya yi gogayya da na ƙasa.

13/ A ganina, abin da zai fara yiwuwa shi ne ƙananan kwamfutoci masu tace hotunan da taurari ke ɗauka tun a can, a turo mai amfani kawai. Amma kwashe rumbunan duniya kacokan, da sauran rina a kaba.

14/ In kun ga wani attajiri ya yi wannan alkawari, ku tambaye shi uku: nawa ne kilo, ina zafin zai je, wa zai gyara? Iridium ma ya tashi lafiya lau, kasuwa ce ta kayar da shi. Me kuke gani?