Kowane Aiki da Ɗakinsa

Shekaru da dama bayan Guido van Rossum ya fitar da harshen Python a ƙasar Holan a 1991, duk ƙunshin manhajar da mai kwamfuta ya sauke folda guda yake shiga, kuma siga ɗaya tak ta kowane ƙunshi ke iya zama a cikinta. Idan tsohon aiki ya dogara da tsohuwar siga, sabon aiki kuma yana buƙatar sabuwa, sai a yi zaman kishiyoyi a ɗaki ɗaya: a gyara wa wannan, a ɓata wa waccan.

A 2007 Ian Bicking ya fito da virtualenv. Dabarar ba ta da wani surkulle: kowane aiki a ware masa foldarsa da nasa ƙunsoshin, kada ya leƙa na maƙwabcinsa. A 2008 ya ƙara da pip, mai sauke ƙunsoshin.

A Disambar shekarar ce Python 3 ta fito, ta kuma ƙi karɓar yawancin abin da aka rubuta don Python 2. Babban saɓaninsu a kan rubutu yake, kuma nan ne zancen ya shafi Hausa kai tsaye. Python 2 ba ta ɗaukar rubutu a matsayin Unicode sai an umarce ta, don haka ƙ da ɗ da ɓ kan sa shiri ya tsaya cik, ko ya fitar da shirme. Python 3 ta kawar da wannan tarnaƙi. Sai dai ƙaurar ta ja lokaci matuƙa, domin ba a daina kula da Python 2 ba sai ranar 1 ga Janairun 2020. Tsawon shekara 11 ke nan ana riƙe da sigogin biyu a kwamfuta ɗaya, kuma raba ɗakuna ne ya sa hakan ya yiwu.

Masana kimiyya ba su gamsu ba, saboda kayan lissafinsu sun jingina da C da Fortran, waɗanda virtualenv ba ta kulawa da su. Kamfanin Continuum Analytics na birnin Austin a Amurka ya amsa musu da conda a 2012, shekarar da Python 3.3 ta zo da nata venv.

Abin da ya soma a matsayin shawara ya koma doka a 2023. Debian 12 da Ubuntu 23.04 sun hana pip zuba ƙunshi a cikin Python ɗin da tsarin kwamfutar ke aiki da ita. Wanda ya gwada, saƙo zai fito ya tura shi ya buɗe ɗakinsa.