Neman Gurbin Karatun Likita ga Mai Ƙasa Biyu

Sashe na 28 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa ɗan Najeriya na haihuwa damar riƙe takardar zama ɗan wata ƙasa, kuma Nijar ta halatta hakan a 2014. Don haka matashin Kekun Waje da ke ƙaramar hukumar Bungudu, wanda mahaifiyarsa 'yar Maraɗi ce, yana iya neman gurbi a matsayin ɗan ƙasa.

Wahalar tana cikin takardu. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin takardun ƙasashen biyu kan jawo cikas. Jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankinsu, 20 ga jihohin da ke baya a ilimi, ciki har da Zamfara. Rabon nan na ƙarshe, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato misali, sai da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Fasfo kaɗai bai wadatar ba.

Wanda kuwa ya yi karatunsa a Maraɗi ko Yamai, sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN kafin ya duba marar lafiya a Gusau.