Daga ina kalmar manjo ta fito?

Ɗan uwa mai karatu, in kana sauraren rediyon Kaduna ko BBC, ka sha jin an ce Manjo wane, ko Manjo Janar wane. Kalmar ta yi kama da "manya", har wasu suna tsammani Hausa ce. A'a, aro ce. Daga Ingilishi muka aro ta, su kuma daga Latin, tsohon harshen mutanen Rum. Ma'anarta "wanda ya fi girma". Amma lura, ba a ce ya fi kowa ba.

Wajen shekara 400 da suka wuce, a sojan Ingila, kowace runduna tana da kanar a kai, sai mataimakinsa, sai na uku da ake kira "saje manjo", wato babban saje. Shi ke jera sojoji, shi ke kula da horonsu. Da tafiya ta yi tafiya, sai aka yar da "saje", aka bar manjo kawai. Haka aka yi wa "saje manjo janar", ya koma manjo janar. Shi ya sa ake samun abin da ke rikita mutane: manjo ya fi laftanan, amma laftanar janar ya fi manjo janar. Sajen da aka yar ne ya jawo wannan.

Daga baya aka ba babban ƙananan sojoji tsohon sunan. Shi ne Hausawa suka maida samanja. Ko ya yi furfura a bariki, shi ke sara wa yaron laftanan.

To, yaya ta shigo bakinmu? A 1863 wani Bature mai suna Glover ya ɗauki Hausawa soja a Legas. A 1897 Ingila ta kafa rundunar Afirka ta Yamma, ta ba Lugga jagoranci. Daga bakin waɗannan sojoji muka sami saje, kofur, kyaftin, bariki, har kalmar soja kanta. A yaƙin Burmi, a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, shugaban sojan Ingila ma ya mutu. Sunansa Manjo Marsh.

Mu nan Nijar, Faransa ce ta kama Damagaram a 1899, don haka bakinmu ya saba da kumandan. A soja, kumandan da manjo daraja guda ce: gaba da kyaftin, baya da laftanar kanar. Kada ka haɗa shi da kumandan na zamanin mulkin mallaka mai karɓar lanho. Kada kuma ka haɗa manjon soja da majo na gidan likita. Wannan babban ma'aikatan jiyya ne, allura gare shi, ba bindiga ba.

A ganina, matsayin nan abin lura ne. Manjo ba ya can sama, amma yana kusa da masu riƙe da bindiga. Manjo Nzeogwu ne ya kai hari gidan Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, ranar 15 ga Janairu 1966. Dauda Malam Wanke, da ya karɓi mulki a Yamai a watan Afrilu 1999, kumandan ne. Salu Jibo ma a 2010 darajarsa ke nan. Masu labaru da Ingilishi duka biyun Manjo suka kira su.